Daktora da Waƙar Surukarta

Masu turo mini saƙo cewa in daina zagaye-zagaye in faɗa musu ko an sa rana, ku gyara zama tukuna. Ni ma jabanata, gahawar nan tamu, ta huce a kofi tun ɗazu saboda rubutun nan, kuma ban yi muku ƙorafi ba.

Wadda ta shigo yau ba ta san kowa ba, ga su. Nasiba ɗiyar ƙanwata Sharifa ce, auta, ita duk garin nan ke kira Daktora. Ba ta allura ba ce, ta littafi ce. Shekarunta sun doshi arba'in, ba ta taɓa aure ba, kuma kada ku ji tausayinta don ba ta nema ba. Tana koyarwa a jami'a a Khartum har yaƙi ya koro ta gida, ta iso mana da jaka guda da tabarau mai tsagaggen gilashi, littattafanta cike da ɗaki ta baro su can. Sana'arta juya magana. Abin da mata suka rubuta da Turanci ko Faransanci ta mayar da shi Larabci, waƙoƙinmu na tsofaffi kuma ta bi mu ɗaki-ɗaki da waya tana ɗauka, ta ce za ta juya su Turanci ta yi littafi kada su mutu tare da mu. An ce ta taɓa tsayawa gaban manyan malamai ta ce musu duk wanda ya gyara maganar mace kafin ya juya ta, sata ya yi, ko da niyyarsa fara ce. Ni ban je wurin ba, amma na san bakinta, na yarda.

Shi kuma Uzairu ɗan Hajja Sabuwa ne, na unguwar gabas. Shi ke kula da taraktocin manyan gonakin bayan Damazin. Dogo ne, ba ya son hayaniya, matarsa Hanan ta rasu shekarun baya ba su samu haihuwa ba. Shi ne namiji na farko da na ga Nasiba ta koma ɗaki ta sake tobi, lulluɓin nan namu na mata, saboda an ce yana ƙofar gida. Ta cire mai ruwan toka ta ɗaura mai ruwan zuma, ta fito tana cewa wai wancan ne ya yi datti. Kawunnansa sun riga sun aiko cewa ranar Juma'a bayan la'asar za su zo neman aure, Sharifa kuwa tun da ta ji ba ta taka ƙasa sosai.

To ana saura 'yan kwanaki, da hantsi, muna zaune a rakuba, wato rumfar tsakar gida, muna yanka kuɓewar shanya. Sabis a garinmu sai an hau tudun bayan makarantar 'yan mata, amma wani lokaci in iska ta juyo daga kogi yakan faɗo tsakar gida da kansa. Ran nan ya faɗo. Wayar Nasiba ta yi ƙara, ta goge hannu a gefen tobi ta duba, na ga bakinta ya fara wannan murmushin da take ɓoyewa. Da Larabci yake mata rubutu, ni zan juya muku:

"Daktora, yau ni ma na zo a matsayin mai neman aiki. Ga wata waƙar Inna, da ita aka yi renona. Na ɗauke ta a waya tana yin kisra ba ta sani ba. In damina ta rufe mu a gona, ita nake kunnawa. Na san ta babana ce, ina jin Makka a ciki, ina jin mai gona. Ki juya mini ita. Ina so a rubuta ta a bangon sabil ɗin da nake gina masa."

Sabil ita ce rumfar randunan ruwan sadaka da ake yi a bakin hanya don ladan mamaci. Tasa har an kai ginin kafaɗa, a mararrabar da motocin Sinja ke tsayawa. Kisra kuwa siririyar waina ce ta ƙullun dawa, ita ce abincinmu na kullum.

Za ku ce yaya ɗan Hajja Sabuwa ba ya jin waƙar uwarsa. Ɗan fari ne. Mu nan har yanzu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ko abinci za ta ba shi sai ta ce wa wani, "Kai ma wancan." Yana da shekara bakwai aka ba kawunsa da ke aiki a masaƙar Hasahisa, can ya tashi cikin Larabawa. Hausar da ta rage masa ita ce gaisuwa, sunayen abinci, da zagi biyu-uku. In tsohuwa ta ja murya ta lanƙwasa kalma irin ta kakanninmu da suka baro Sakkwato, kallon bakinta kawai yake yi.

Nasiba ta danna. Muryar Hajja Sabuwa ta cika rakuba, da ƙarar itace yana ci a bayanta:

"Yi kwana baƙona, yi kwana,
Kai ka ganin bakina ba ka hwaɗi.
Masarata ta rasa ƙwara guda,
Ba tsuntsu yac ci ba, mai gona na."

Wuƙa ta tsaya a hannun Sharifa. Ba sai an kai ƙarshe ba. Babu macen da ta haura talatin a garin nan da ba ta taɓa yi wa waƙar nan amshi ba.

Marigayi Alhaji Mahadi, uban Uzairu, mutumin sahun gaba ne. Shi ake kira in an yi rikicin iyakar gona. Ranar jana'izarsa har daga Rusairis aka zo. Kuma shi ne wata rana, saboda miya ta huce kafin ya dawo daga gona, ya cire wa Sabuwa haƙorin gaba tana goye da Uzairu. Ba ta kai ƙara ba, ba ta yi yaji ba. Waƙa ta yi, tana ƙara mata baiti shekara bayan shekara. Da ta je hajji ta sa haƙorin Makka a gurbin, maza suka ce Hajja ta yi ado, mu muka ce mata barka.

Irin waɗannan muna ce musu waƙoƙin ɗaki. Ana yin su wajen lalle, wajen daka, wajen kisra. Kowace tana da tata, ni ma ina da tawa, kuma ba za ku ji ta ba. Dokarsu guda ce: ba a juya wa namiji. Ranar da Nasiba ta fara ɗauka sai da ta yi mana alkawari gaban kowa cewa a littafinta ba sunan mutum, ba sunan gari.

"Ki ce mai addu'a ta," in ji Sharifa. Ta ajiye wuƙar. "Ki ce uwa na roƙon Allah shi raya ɗanta shi jiƙan mijinta. Mi ar a ciki?"

"Yumma, ba haka ta ce ba," in ji Nasiba, haka take kiran uwarta.

"Ke aka tambaya ko waƙa? Ki rubuta mai layi huɗu masu daɗi shi manna ga bango, masu shan ruwa su ce amin."

"Ya rubuta ƙaryata a bango da sunan uwarsa?"

"Ƙaryar da za ta kai ki ɗaki. Dube ni nan. Shekara nawa ina amsa tambayar mutane a kanki? Na ce tana karatu. Na ce tana rubutu. Na ce yaƙi. Yanzu Allah ya kawo mutum har ƙofa, mai hankali, ba shi shan taba, ba ya jin tsoron tabaranki, za ki tarbe shi da haƙorin uwatai?"

Nasiba ta juyo gare ni, Hala take ce mini, wato yayar uwarta. "Hala, ke me kika ce?"

Na ce ni kuɓewa nake yankawa.

Yinin nan ba ta zauna ba. Ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Ta cika randar da ke cike har ruwa ya bi ƙasa. Ta ɗauki waya ta rubuta, ta goge, ta rubuta, ta shiga ɗaki ta kwanta a angarib, gadon igiyar nan namu, ta tashi kamar an tsikare ta. Abin da ke cinta na san shi. In ta yi ƙarya, ta zama irin mutanen da ta yi shekaru tana zagi a takarda, kuma za ta riƙa wuce ƙaryar a bango duk ranar da ta je Sinja. In ta faɗi gaskiya, ta karya alkawarinmu, ta kuma rushe wa mutumin da take so uban da yake gina wa sabil. Namiji kuwa ba kasafai yake yafe wa bakin da ya fara gaya masa irin wannan ba.

Da azahar ta hau tudu, ni kuma na tuna ina da saƙo wajen. Ta rubuta masa:

"Waƙar ɗaki ce. Ba a juya wa maza."

Amsa ta zo nan take, kamar yana zaune a kan wayar. "Kin juya wa Turawa."

"Ba da suna ba."

"Ni ba Bature ba ne, ɗanta ne."

Ta juya tana kallon kogi. Wani saƙon ya shigo.

"Ko don Hausata ba ta kai ba ne ban cancanta ba? Tun ina yaro in na zo hutu ana dariya ana cewa Balarabe ya zo. Ban zaci daga wurinki ba."

"Ba haka ba ne, Uzairu."

"Ba komai, kada ki takura. Akwai wani Basakkwace mai sayar da goro a kasuwar Damazin, bai daɗe da zuwa ba, Hausarsa sabuwa ce. Gobe in na shiga gari zan kunna masa."

Ban taɓa ganin Daktora ta sauko tudun nan da gudu ba sai ran nan. Ku duba da kyau: teburin mai goro, maza a tsaye ana ciniki, 'yan garinmu masu kai kaya Damazin suna wucewa, a kunna muryar Hajja Sabuwa, baƙo ya juya ta da ƙarfi yana ƙarin gishiri. Kafin magariba labarin ya riga motar yamma isowa.

"Hala, sa tobinki. Gidan Hajja za mu."

"Ke da za a nema ranar Juma'a? Uwarki za ta suma."

"Ta suma in mun dawo."

Da can, lokacin da take ɗaukar waƙoƙi, in Nasiba ta shiga gidan nan kan gado take hayewa kusa da Hajja, su sha jabana, tsohuwa tana cewa matso da abin naki kusa kada ya rasa wani wurin. Yanzu kuwa surukuta ta shiga tsakani. Tun daga zaure ta cire takalmi, ta ja tobi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa can bakin ƙofa kamar wadda ta zo biko. Hajja Sabuwa tana zaune tana tsince waken suya, haƙorin nan yana ɗaukar ido in ta buɗe baki. Ta amsa gaisuwa ba ta dube ta ba, ni ta duba.

Sai ga mata biyu za su yi maganar namiji guda, kuma babu wadda ke iya kiran sunansa. Na sha dariya a ciki har cikina ya ƙulle.

"Hajja, dama wani ne ya turo mini wata waƙa."

"Wani wa?"

"Mai... mai taraktoci."

"Uhm. Wancan."

"Ya ce in juya masa. Ta masara ce."

Hajja ta ci gaba da tsintar wakenta, tsakuwa gefe, wake gefe. "To ki juya mana. Ba aikinki ba na?"

"Hajja, waƙar ɗaki ce. Na yi alkawari. Kuma shi yana zaton yabo ne, zai sa a bango. Bai san kin san ya ɗauka ba ma."

Nan ta ɗago. "Ban sani ba? Waya awa bulo, ya ɓoye ta bayan randa tana haske. Don wa kike cewa na maimaita baitin ƙarshe sau biyu?" Ta juyo gare ni. "Ke kin sani. Duk hutun da wancan yaz zo gida tun yana ɗan makaranta, na taɓa rage murya? Da ƙarhi nike yi. Shi ko shi zamna yana murmushi yana kaɗa kai, shi ce Inna ƙara."

Nasiba ta manta da surukuta, malamar ta taso mata. "To Hajja, ai kin iya Larabci. Me ya hana ki zaunar da shi ki faɗa masa?"

"In zamna in dubi ɗan fari cikin ido in yi mai zance? Ke wanga boko ya cinye miki wani wuri." Ta ture farantin. "Ni ban ce a yi ba, ban ce a bari ba. Amma ba a kai ni kasuwa. In za a yi, ga inuwar darbejiya nan. Ni ba ni nan, ina madahwa, kisra nike yi."

A hanyar dawowa da muka zo tudu Nasiba ta tsaya. Ta hau ta rubuta masa: "Kada ka je wurin mai goro. Ka zo gidanku gobe da la'asar, zan juya maka da bakina." Ya turo mata hoton fure. Ta daɗe tana kallon furen nan.

Washegari ya iso da farar jallabiya da ƙurar hanya a gira, ya kawo wa uwarsa sukari, ni ya kawo mini turaren wuta, don yaro ne mai tarbiyya kuma ya san wa ke da baki a garin. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, shi a gefe, ita a gefe, ni a tsakiya a matsayin idon gida. Bayan zana hayaƙi yana tashi, ana jin Hajja tana shafa ƙullu a kan doka, farantin ƙarfen da muke gasa kisra.

Nasiba ta gyara tabarau. Da Larabci ta yi masa magana, muryarta ta aiki, ba ta zance ba.

"Ga yadda nake yi. Layi-layi. In na ce ni, ba ni ba ce, mai waƙar ce. Ba na ƙarawa, ba na ragewa. Duk inda ka ce tsaya, na tsaya."

Ya yi dariya. "Kamar a kotu."

Ya ciro waya zai kunna. Kafin ya danna, daga bayan zana muryar ta taso, ba ta waya ba, ta gaske, da tsufanta da tarinta. Ya ajiye wayar a hankali.

Hajja ta yi layi ta tsaya. Nasiba ta juya: "Yi barci baƙona, yi barci. Kai kake ganin bakina, ba ka faɗa wa kowa." Ya gyaɗa kai yana murmushi. Hajja ta yi na gaba. "Masarata ta rasa ƙwara guda. Ba tsuntsu ne ya ci ba, mai gonar ne." Murmushin yana nan, amma gira ta ɗan haɗu.

Sai baitin da ba lulluɓi a cikinsa ya zo:

"Ranar da miya tay yi sanyi,
Hannu yaz zo, haƙori yat tahi,
Kana bayana kana kuka,
Na haɗiye jini don in yi ma waƙa."

Nasiba ta buɗe baki ta rufe. Ta fara, "Wata rana aka samu saɓani a kan..." ta tsaya. Bayan zana ƙarar shafa ƙullu ta ɗauke. Hajja Sabuwa ta sake rera baitin daga farko, a hankali, kalma-kalma, kamar mai koya wa yaro karatu.

Nasiba ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ina jin don kada ta ga fuskarsa sosai. "Ranar da miya ta huce, ya ɗaga hannu ya mare ni har haƙorina ya fita. Kana goye a bayana kana kuka. Na haɗiye jinin don in samu bakin yi maka waƙa."

Kaza ta zo ta wuce ta kan tabarma ba wanda ya kore ta.

"In tsaya?"

"Ci gaba."

"Wanda na sa a Makka ba ado ba ne, rami na toshe." Hajja ta ja na ƙarshe, wanda take maimaitawa. Nasiba ma sau biyu ta faɗe shi, tunda ta ce ba ta ragewa. "In ka girma ka ɗauki tsawonsa, ka bar masa hannunsa. Ka ɗauki tsawonsa, ka bar masa hannunsa."

Uzairu ya kifa tafukansa a kan gwiwa yana kallonsu. Manyan hannuwa ne, duk tabon ƙarfe da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Can ya juya wajen zana, ya yi magana da ƙarfi kaɗan, da Larabci.

"Ban taɓa ɗaga wa Hanan hannu ba. Ko sau ɗaya."

Sai muryar Hajja, ni ta kira da sunana, ba shi ba. "Ki ce ma wancan na sani."

Ban juya ba, wannan kam ya ji da kansa. Ya share fuska da hannun riga, sannan ya dubi Nasiba, kuma ba irin kallon da ya saba yi mata ba ne.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin ka fara zuwa gidanmu."

"Na kai ki kika ga ginin sabil. Kika ce Allah ya ba da lada."

"Na ce."

"Duk garin sun sani?"

"Matan garin."

Ya tashi, ya sa takalmi, ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Muna ji motarsa ta tashi ta yi hanyar Damazin. Hajja ta fito da kisra mai zafi a faifai ta ajiye gabana, ta koma.

Juma'a ta zo. Sharifa ta ce ita ba a aiko mata da fashi ba, don haka ta soya abin soyawa, ta shimfiɗa sababbin zannuwan gado a ɗakin baƙi, ta turara gidan har maƙwabta suna atishawa. La'asar ta yi, ta wuce. Wajen faɗuwar rana aka aiko cewa babban kawun ciwon ƙafarsa ya tashi, sai wani lokaci. Mutumin da na gani da safe yana bin akuyarsa da gudu. Sharifa ta zauna a bakin murhu ta yi kuka mai isarta, sannan ta daina yi wa 'yarta magana sai ta bakina. "Ki ce ma Daktora ta ci littahi."

Matan gari ma suka juya mata baya. Maganar ta fita, kada ku dube ni, ba ni kaɗai ke da baki a unguwar gabas ba. In ta shiga wurin jabana sai hira ta koma ta tsadar albasa. Wata ta aiko a goge waƙarta daga waya, wata ta ce yau ɗan Sabuwa, gobe nata. Nasiba ta goge musu a gabansu ba ta yi gardama ba, aikin shekaru yana tafiya da danna yatsa.

Ta rame a 'yan kwanakin nan. Ta fita bakin kogi ta dawo, ta hau tudu ta sauko, ta sake hawa. Ta buɗe hirarsu, furen nan ne na ƙarshe. Ta rubuta "Uzairu" ta goge. Da na ce mata ko ta yi nadama, ta ce, "Hala, da za a sake, haka zan sake yi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan." Direbobin Sinja suka kawo labarin an sallami maginan sabil, randuna suna kife.

Jiya da hantsi muna rakuba, ni da ita da Sharifa da ke ba mu baya, iska ta juyo daga kogi. Wayar ta yi ƙara. Ta buɗe, ni kuma wuyana dogo ne.

"Na dawo gida shekaranjiya. Ban gama fushi ba, da shi, da ke, da kaina. Sabil za a ƙarasa, masu ƙishi ba ruwansu, amma ba rubutu a bango. Yau da safe Inna ta yi wata da ban taɓa ji ba, tana fuskantar ƙofata. Ban ɓoye wayar ba, a gabanta na ajiye. Kawu ya ce ƙafarsa tana jiran abin da waƙar ta ce. Ki juya mini."

Ta danna. Murya ta taso, wannan karon da kiɗan ludayi a bakin kwano:

"Ga mai ido huɗu ta taho,
Ta san bakin Nasara ba ta san bakin murhu ba.
Kisrarta awa takalmin soja,
Akuya ta shinshina ta ba da haƙuri.
Ta tsuhwa ga allo, ƙawayenta na aurad da ɗiya.
Ku kawo min ita hakanan,
Gidan ga ya daɗe ba mai magana.
Amma ta zo ta zamna ga dokata gaban mata,
In ga ko hannun ya kai bakin."

Kafaɗun Sharifa suka fara girgiza tun daga takalmin soja. Da aka zo akuya ta kasa, ta kifa kai a gwiwa tana dariya da hawaye tare. Ni kuwa na riga na kama amshin.

Nasiba ta zauna tana kallon wayar, kunnuwanta kamar an shafa barkono. Ta gyara tabarau, ta gyara murya, ta danna wurin ɗaukar magana. Layi-layi ta juya masa da Larabcinta na jami'a, ido huɗu, takalmin soja, akuyar da ta ba da haƙuri, tsufa a makaranta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A layin gidan da ya daɗe ba mai magana ne kawai muryarta ta karye, ta tsaya ta haɗiye ta ƙarasa. Ta tura.

Alama ta nuna ya ji. Yana rubutu. Ya daina. Yana rubutu.

"Da gaske haka kisrarki take?"

"Ta rufa mini asiri ma."

"Ta ce ranar Laraba, ta gayyaci duk matan unguwa, har waɗanda ke fushi da ke. Kawu ya ce in an ci an rayu, ƙafarsa za ta warke."

Ta ajiye wayar a kan tabarma. Ta dubi murhu, ta dubi hannuwanta masu laushi da ba su san zafin ƙarfe ba, ta dubi uwarta.

"Yumma, akwai ƙullu?"

Sharifa ta share ido da bakin tobi. Ba ta dube ta ba, ni ta duba.

"Ki ce ma Daktora ta ɗebo itace."